Yadda ake ɗaukar hoton jinjiri ko da kwanakin farko sun wuce

A watan Maris na 2020, da cutar korona ta shigo Nijar, gwamnati ta hana taron da ya wuce mutum 50, har da na suna da na ɗaurin aure, aka kuma rufe iyakoki. Yara da yawa da aka haifa a Maradi a tsakanin nan an raɗa musu suna shiru, ba mai hoto, ba dangin Katsina ko na Jibiya. Sai da suka yi wata uku, wasu wata shida, sannan aka samu sukunin ɗaukar su hoto na kirki. Annobar ta lafa, amma irin wannan jinkiri yana nan. Wata mai jegon aiki aka yi mata, wani jinjirin bakwaini ne yana kwance asibiti, wani uban yana ci-rani, wata kuma ta tafi wankan gida sai bayan arba'in za ta dawo.

Kuskuren da aka fi yi idan an makara shi ne a nemi yaron wata biyu ya kwanta a dunƙule cikin ƙwarya kamar ɗan kwana bakwai, don an ga irin hoton a Facebook. Ba zai yarda ba. Za a ƙare da kuka da gumi, uwa ta gaji, mai hoto ya koma da hotunan da ba wanda zai so ya wanke. A ɗauki yaro a yadda yake a ranar. Kowane wata da irin hoton da yake bayarwa, kuma na bayan arba'in sau da yawa ya fi na satin farko rai, don ido ya buɗe, fuska ta cika.

Abin da kowane wata yake bayarwa

Hoton jinjiri yana barci a dunƙule, hannu ƙarƙashin kunci, ana samun sa ne daga kwana 5 zuwa 14. A lokacin barcinsa yana da nauyi, jikinsa bai saki naɗewar ciki ba. Wanda yake son hoton gashin haihuwa ya ɗauka kwana ɗaya ko biyu kafin suna, don ranar suna wanzami zai aske shi. Ranar sunan kanta ba ranar hoton fuska ba ce. Gida cike yake da mutane, yaro yana yawo daga hannu zuwa hannu, mai jego ba ta samun zama. A ɗauki taro da rago da ƴan barka a ranar, a bar hoton yaro shi kaɗai zuwa jibi ko gata.

Daga sati 2 zuwa sati 6 aiki ya fi wuya. Ƙananan ƙuraje sukan feso a kunci da goshi, fata tana saɓa, kukan yamma yana ƙaruwa har ya kai ƙarshensa wajen sati na shida. Ƙurajen suna tafiya da kansu, kada a matsa su ko a shafa musu wani abu don hoto. A wannan tsakanin hoton da ya fi dacewa shi ne na hannu: yaro a ƙirjin uwa, a kafaɗar uba, ko naɗe cikin zane fuska kaɗai a waje. Naɗewar tana hana zaburar da jinjiri kan yi yana watsa hannuwa. A naɗe ƙirji da hannuwa ba tare da matsewa ba, yadda yatsa biyu za su shiga tsakanin zane da ƙirji, a bar ƙafafu da ƙugu a sake.

Murmushin gaske, wanda yaro ke mayar wa mai yi masa wasa, yana farawa wajen sati 6 zuwa 8. Wanda korona ko wankan gida ya sa ya makara har zuwa nan ya samu abin da ɗan kwana bakwai ba ya da shi. A kwantar da yaro rigingine, uwa ta sunkuyo kusa da kyamara tana yi masa magana. Jinjiri ya fi ganin abin da ke nesa da shi da santimita 20 zuwa 30, saboda haka wadda ta tsaya bakin ƙofa tana tafa hannu ɓata ƙarfinta take yi. Fuskar uwa ta zo dab da gefen kyamarar, idon yaro zai faɗo inda ake so.

Daga wata 3 zuwa 4 wuya ya yi ƙarfi. A kwantar da shi rub da ciki, a naɗe ƙaramin tawul a sa ƙarƙashin ƙirji da hammata, mai hoto ya kwanta ƙasa idonsa daidai da na yaro. Minti ɗaya ko biyu ya isa. Da kai ya fara rinjaya a juya shi. Daga wata 6 zuwa 8 yawancin yara suna zama da kansu, ba su fara rarrafe sosai ba, suna dariya da kowa. Mai hoto ba ya samun lokacin da ya fi wannan sauƙi. Bayan haka ƙyuya takan shigo, sai baƙo ya zauna minti goma yana hira da manya, kyamara a ajiye, kafin yaro ya sake da shi. Bakwaini kuwa a lissafa masa daga ranar da ya kamata a haife shi. Wanda ya zo da wata biyu kafin lokaci, in ya yi wata huɗu, a ɗauke shi kamar ɗan wata biyu, kada a tilasta masa ɗaga kai.

Rana da sa'a

A duba katin awo kafin a tsayar da rana. Allurar rigakafi ta sati 6, 10 da 14 takan sa zazzaɓi da rigima na kwana ɗaya ko biyu, a bari kwana uku su wuce. Ba a fasa zuwa rigakafi don hoto, hoton ake ɗagawa.

Hantsi ya fi, daga ƙarfe 8 zuwa 10 na safe, bayan wankan yaro da na mai jego. A shayar da shi ya ƙoshi, a ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, a jira minti 10 zuwa 15 kafin a kwantar. In an yi gaggawa tumbuɗi zai ɓata shimfiɗa da riga. Sabon jinjiri yana shan nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, don haka a sa ran tsayawa sau biyu ko uku a shayar. A ware masa awa biyu. Yaron wata huɗu zuwa sama kuwa minti 30 zuwa 40 bayan ya tashi barci shi ne iyakar haƙurinsa. Kada a ba jinjiri ruwan sukari ko zuma don ya yi shiru. Har wata shida nono kaɗai yake buƙata, zuma kuma tana da haɗari ga wanda bai kai shekara ba.

Yanayin Maradi yana canza aikin. A Disamba da Janairu sanyin safe yana da ƙarfi ga jinjiri, ɗakin da za a tuɓe shi ya kamata ya kai digiri 25 zuwa 28. In bai kai ba a bar shi cikin kaya, ko a jinkirta zuwa ƙarfe 11. Kada a shigo da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa don a ɗumama shi, hayaƙin gawayi da ba a gani yana kisa. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, ɗakin kwano yana zama tanderu tun kafin azahar, sai a gama komai kafin ƙarfe 9 da rabi. A taɓa bayan wuyan yaro lokaci-lokaci. In da gumi a rage naɗi, in da sanyi a ƙara. Fanka kada ta busa kansa kai tsaye.

Haske

Nan ne hoto yake gyaruwa ko ya lalace, kuma ba ya buƙatar ko dala. Yawancin ɗakunanmu taga ƙarama ce, amma ƙofa babba ce, ita ce fitilarka. A zaɓi ƙofar da rana ba ta shigowa ta cikinta kai tsaye a lokacin. Da safe ke nan ƙofar da ta dubi yamma, ko wadda rumfa ta yi wa inuwa. In ba makawa sai wadda rana ke bugawa, a rataya farin mayafi mai shara-shara ko farin gidan sauro a ninka biyu, zai tausasa hasken.

A shimfiɗa katifa a ƙasa, mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga bakin ƙofa. Kan yaro ya fi kusa da ƙofa, jikinsa ya ɗan karkata, yadda haske zai sauko daga goshi ya bi hanci ya gangara haɓa. Alamar an dace ita ce ƙaramar inuwa a ƙarƙashin hanci. In an juya ƙafafu wajen ƙofa, haske yana hawowa daga ƙasa, ya haska cikin hanci, ya jefa inuwa a goshi, fuskar ta fito ba kyan gani. Juya kan yaro wajen ƙofa kaɗai yana gyara da yawa daga hotunan da ake kuka da su. Mai hoto ya tsaya a gefe, kada bayansa ya tare ƙofar.

Gefen fuskar da ke nesa da ƙofa zai yi duhu. Wani ya riƙe farin zane ko farin kwali kamar rabin mita daga wannan gefen, ya mayar da haske. A matso da shi a hankali har inuwar ta yi laushi, amma kada a kashe ta gaba ɗaya, ita ke fito da kumatu.

A kashe ƙwan lantarki na ɗakin. Haskensa da na rana launinsu ba ɗaya ba ne, in sun haɗu rabin fuska ya yi shuɗi rabi ya yi ruwan ɗorawa, kuma gyara shi daga baya wahala ne. Launin abin da ke kusa ma yana komawa kan fata. Jar atamfa, koriyar tabarmar roba, bango mai shuɗin fenti, duk suna rina kunci da wuya. Abin da yaro zai kwanta a kai ya zama fari, ruwan madara, toka ko ruwan ƙasa, marar zane. Atamfar suna mai kyau a sa ta can baya ko a jikin uwa. A ja shimfiɗar ta miƙe, a danne gefunanta ƙarƙashin katifa, a sa leda da tawul a ƙasanta saboda fitsari, a tanadi ta canji guda biyu.

In a tsakar gida za a yi, a nemi inuwa mai kauri irin ta bango ko zaure. Inuwar bishiyar bedi tana yaudara: rana tana ratsa ganye ta yi ɗigo-ɗigo a fuska, ganyen kuma ya zuba kore a fata. Hazon hunturu yana ba da haske mai laushi, sai dai ƙurar ba ta dace da ƙirjin sabon jinjiri ba, a zauna ciki.

Filash kai tsaye yana firgita yaro, yana sa goshi ƙyalli, yana shafe siffar fuska. Mai sana'ar da dole ta sa shi amfani da shi ya juya kansa ya bugi farin bango ko farin sili. Man kaɗe da basilin su ma suna ƙyalli, a shafa kaɗan awa ɗaya kafin a fara. Hoda tana fitowa fari-fari a hoto, shaƙarta kuma ba ta da kyau ga yaro. Kwalli kuwa, wani irinsa yana da dalma a ciki, ba dalilin ƙara wa jinjiri shi don hoto.

Waya da kyamara

Mai amfani da salula ya fara da goge gilashin kyamarar da gefen riga mai laushi. Maiƙon hannu da ƙura su ke sa hoto ya yi hazo, sai a ɗora wa waya laifi. A kashe mai gyaran fuska da Tecno, Infinix da itel suke zuwa da shi, yana murje fatar jinjiri har gashin gira ya ɓace, yana kuma ƙara masa farin da ba nasa ba. A taɓa idon yaro a fuskar waya, a danne har ya kulle, sannan a ja alamar rana sama kaɗan. Dalili shi ne farar shimfiɗa tana ruɗin waya, ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, fuskar baƙin yaro ta nutse cikin duhu. A ƙara har fatar ta yi daidai da yadda ido yake ganin ta, a tsaya nan.

Kada a kusanto da waya dab da fuska a kan 1x, wato lokacin da ba a zuƙo hoto ba, hanci da goshi za su kumbura, kunnuwa su ƙanƙance. A ja baya kamar mita ɗaya a sa 2x. Wuce nan a yawancin wayoyi yanka hoton kawai yake yi, ingancin ya zube. In yaro yana motsi a ɗauki jeri, a zaɓi ɗaya daga ciki. Kuma kada a ɗauka daga wajen ƙafafu ana leƙen cikin hanci, a tsaya daidai da fuska ko sama kaɗan da goshi.

Mai babbar kyamara ya sa gilashin milimita 50, ko 35 in ɗaki ya yi ƙunci. Saurin ɗauka kada ya gaza 1/200 na daƙiƙa ko yaro yana barci, don numfashi da rawar hannu suna isa su dusashe ido. Mai wutsil-wutsil da ƙafa yana son 1/500. Buɗewar gilashi f/2.8 zuwa f/4 ga yaro shi kaɗai. A f/1.8 ido ɗaya yakan fito tas ɗayan ya dusashe. In uwa da uba da yayye sun shigo, a koma f/5.6, a jera kawunansu kusa da juna. ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske, 400 zuwa 1600 ba abin tsoro ba ne, hoto mai ɗan tsaki-tsaki ya fi wanda ya girgiza. A sa saiti a kan idon da ya fi kusa, a ƙara haske da kashi ɗaya bisa uku zuwa mataki ɗaya in shimfiɗa fara ce, a ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da ya fi sauƙin gyara daga baya, in da hali. In dare ya tilasta aiki da ƙwan lantarki, wutarmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa, saurin 1/50 ko 1/100 yana rage layukan da ke ratsa hoto.

Bayan fuska, a ɗauki ƙananan abubuwa: tafin ƙafa cikin hannun kaka, yatsu sun kama ɗan yatsan uba, kunne, goyo daga baya da kai ya leƙo. Su ne suke nuna girman yaro a ranar, kuma ana samun su ko yana kuka.

Lafiyar yaro ta fi hoto

Hotunan da ake gani na jinjiri ya tallafe haɓa da hannuwansa, ko yana rataye cikin zane a reshe, hoto biyu ne ko uku aka haɗa a kwamfuta, aka goge hannun babban da ke riƙe da shi. Jinjiri ba ya iya ɗaukar kansa haka. Kada a gwada. Ƙwarya ko kwando in za a sa shi a ciki, ya zama mai faɗi marar zurfi, a ajiye a ƙasa, a cika shi da tawul, a duba ba tsini ba tsaga, babba ɗaya kuma ya zauna hannunsa bai wuce taƙi ɗaya daga yaro ba. Haɓa kada ta manne da ƙirji, tana matse hanyar numfashi. Tafin hannu ko ƙafa in ya sauya launi ko ya yi sanyi, a warware a gyara kwanciya. Mai ɗauka daga sama ya rataya igiyar kyamara a wuya, mai waya ya riƙe da hannu biyu. Kada a zaunar da yaya ɗan shekara uku a kujera a ɗora masa jinjiri, a kwantar da su tare a katifa.

Darasin korona na wanke hannu da sabulu bai tsufa ba. Mai tari ko mura ya ɗaga ranar, ko ya tura wani. A bar cibiya ta faɗi da kanta, yawanci cikin sati ɗaya zuwa biyu, a rufe ta da zane in ba a son ta fito. Mai hoto yana kallon yaro cikin haske mai kyau fiye da kowa, saboda haka yakan riga wasu ganin abin da ba daidai ba. In farin ido ko tafin hannu ya yi ruwan ɗorawa, ko yaro ya ƙi nono, ko jiki ya yi zafi, ya kai digiri 38 ga wanda bai cika wata uku ba, a ajiye kyamara a faɗa wa iyaye su nufi asibiti a ranar. Kuma kada a goge launin shawara a kwamfuta a yi shiru.

Shiga gidan mutane

Namiji mai hoto ya nemi izinin maigida tun kafin ranar, ya yi sallama ya jira a zaure. Gidan da ba a shiga, mace mai hoto ta je, ko a nuna wa wata ƴar gidan inda za ta kwantar da yaro da inda za ta tsaya, ta ɗauka da waya. A fara da barka da Allah ya raya, in za a yaba yaro a ce tubarkalla. Sau da yawa kaka ko gwaggon da ke zaman jego ita ke da iko da ɗakin, da ita za a yi shawara: "Inna, don Allah a matso mana da katifar nan bakin ƙofa, kansa ta wajen haske." In ta yarda da kai, aiki ya yi sauƙi.

Uwar ɗan fari takan ji kunyar rungumar yaro ko kallon sa a gaban surukai. Kada a matsa mata da "kalle shi, yi dariya" cikin mutane. A rage jama'a a ɗakin, ko a ɗauki hannuwanta kaɗai riƙe da shi. Wasu iyayen ba sa son hoton ɗansu ya hau intanet, ko don gudun baki ko don sirrin gida, hakkinsu ne. Mai hoto ba ya sa hoton ɗan wani a shafinsa don talla sai iyaye sun ce to, kuma hoton yaro tsirara ba ya hawa ko da sun ce to.

Wanki da ajiya

WhatsApp yana matse hoto in an tura shi yadda aka saba, ya yi kyau a waya amma ya farfashe a takarda. A tura shi ta wurin da aka rubuta Document, ko a kai wa mai wanki a katin memori. Hoton santimita 10 da 15 yana son fiksel 1200 da 1800, na bango mai 20 da 30 yana son wajen 2400 da 3600. Waya tana ɗauka a ma'aunin 4:3, takardar 10 da 15 kuwa 3:2 ce, dole a yanke wani gefe, don haka a bar fili ta kowane gefen yaro tun wajen ɗauka. A ce wa mai wanki kada ya ƙara wa fata haske, a wanke guda ɗaya a duba a hasken rana kafin a biya kuɗin sauran.

Waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, ana sace ta. Hotunan su zauna wuri biyu aƙalla, ɗaya a katin memori da aka cire aka adana, ɗaya a asusun Google mai ba da giga 15 kyauta, a rubuta lambar sirrin a takarda. Waɗanda aka wanke a sa su a albam ko firam, nesa da bangon da ke jiƙa da damina da inda gara ke bi. A bayan kowanne a rubuta da fensir sunan yaro, ranar haihuwa, ranar da aka ɗauka da watanninsa a lokacin. Biro yana huda takarda, tawadarsa kuma takan ratso ta ɓata fuskar hoton.